Uwata, Kafin Ki Jefa Ƙugiya a Tekun Axim

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata Rukayya, wadda bakina bai saba kiran sunanta ba saboda sunan mahaifiyata ne.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Uwata, ina gaishe ki gaisuwar uba mai kewa. Ina fata kin saba da Axim, ɗakin da asibiti suka ba ki ba ya yoyo, abokan aiki kuma sun karɓe ki da sakin fuska. Allah Ya tsare ki a tsaye da kwance, a tudu da bakin ruwa, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga duk marar lafiyar da kika taɓa. Mamarki tana gaishe ki, ƙannenki ma haka, har da matan layinmu na Nima da ba sa gajiya da tambayar yaushe nas ɗinsu za ta dawo.

Labarin gida kina jinsa a waya, ba shi zan rubuta ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da na gani ranar da muka raka ki tasha. Ana ɗora kayanki a mota, sai na hango kan gajeriyar sandar fatsar nan yana leƙowa daga cikin tabarmar da kika naɗe. Na ji daɗi har cikin raina, amma na tsorata. Kin san halina, in na buɗe baki a waya sai in ɓuge da tambayar ko kin ci abinci. Shi ya sa na zauna a shago, yanzu da kasuwa ta lafa, in faɗa miki abin da ke cina.

Kin tafi a bazara, kuma a wannan lokacin ne teku ya fi iya yaudara. Ruwan ya yi ɗumi, ya yi garau. Da safe sai ki gan shi shimfiɗe kamar an goge shi da dutsen guga, kifi kuma ya matso kusa da duwatsu yana neman abinci. Duk mai sandar fatsa zuciyarsa tana rawa a watannin nan. Kuma duk wautar da na taɓa yi a bakin teku, a watannin nan na yi ta.

Kin buɗe ido kin same ni da sanda a kafaɗa, kina zaton haka aka haife ni. A'a. Kakanki ɗan sanda ne, daga arewa aka kawo shi, har ya rasu bai taɓa sa ƙafa a ruwan gishiri ba. Ni ma na girma a Nima, teku yana nan ƙasa da mu, kuɗin mota kaɗan, amma a wurinmu wurin Ankarawa ne, masu garin, da kuma 'yan shaƙatawa. Sai da na haura arba'in, likita ya ce jinina ya hau, in nemi abin da zai riƙa raba ni da hayaniyar Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota inda shagona yake, ko da sau ɗaya a mako. A kwanakin ne Ataa Kwei ya shigo shagona yana neman wani ƙarfe na tsohuwar motar da yake kai kifi kasuwa da ita. Kin san shi da furfura da sanda. A lokacin ƙato ne, yana da jirgin su a Teshie, muryarsa tana cika layi. Ya ji ina faɗa wa maƙwabcina maganar likita, sai ya sa baki da gurguwar Hausarsa, ya ce in zo Teshie ran Asabar, shi zai nuna mini maganin da ba a haɗiya. Tun daga ranar yake kirana Abotsi, wato aboki a bakinsu, har yau bai taɓa kiran sunana ba.

Na je da rana tsaka, da takalmin zuwa masallacin Juma'a, da sabuwar sandar da na sayo. Ina isa na fara jifa. Ƙugiya ta maƙale a dutse, na ja, zare ya tsinke. Na ɗaura wata, ita ma ta tafi. Ataa Kwei yana zaune a gindin jirginsa yana gyaran komar kamun kifi, bai hana ni ba, sai da na zubar da ƙugiyoyin da na zo da su kaf. Sannan ya kira ni, ya matsa mini wuri a inuwa, ya ce yau kallo kawai za mu yi. Muka zauna har la'asar. Ya nuna mini inda ruwa yake fashewa fari, ya ce akwai dutse ko tudun yashi a ƙarƙashi. Ya nuna mini wata doguwar hanya mai duhu tsakanin farin kumfa, lumui, ko motsi ba ta yi sosai. Na ce ai nan ne ya fi kyau mutum ya yi wanka. Ya dube ni, ya ce ta nan ne ruwan da ya hau tudu yake komawa gida, kuma duk abin da ya samu a hanya da shi yake tafiya.

Don haka Uwata, tekun Axim ba tekun Teshie ba ne. Kin san duwatsunmu ɗaya bayan ɗaya, na can ba ki san ko guda ba. Zuwanki na farko da na biyu ki bar sandar a ɗaki. Ki je ki zauna, ki ga inda ruwa yake kaiwa in ya cika, da abin da yake bayyana in ya janye. Ki duba dutsen da ya yi kore, kada ki taka shi ko da ya bushe a ido. Lissafin wata kuma ba sai an koya miki ba, mu da muke neman sa saboda azumi: in wata ya tsaya, da in ya cika, ruwa yana hawa fiye da kullum, yana kuma dawowa da sauri. Dutsen da kika taka a bushe kika hau, kafin ki ankara ruwa ya zagaye shi ta baya. Na ji an ce a wajenku wata ciyawar teku mai ruwan ƙasa tana zuwa ta rufe gaɓa. In kin gan ta kada ki wahalar da kanki, zarenki kawai za ta cinye.

Wauta ta biyu kuwa har ke ta shafa, ko da yake kina ƙarama. Ruwan farko na shekara ya sauka da ƙarfi, washegari na ga kifi yana ta tsalle a bakin wata fadama, inda ruwan gari yake shiga teku. Ban tsaya tambayar kowa ba. Na cika bokiti, na dawo Nima ina taƙama, na ce mamarki ta soya mana da dokunun masara da yajin shito. Ta shinshina, ta ce kifin nan warin kwata yake yi. Na ce warin teku ne, ita ba ta sani ba. Ta soya. Kafin gari ya waye gidan nan kaf muna layi a ƙofar bayi, ke kuma sai da aka ƙara miki ruwa a asibitin Maamobi. Mamarki kaɗai ta tsira, don ba ta ci ba. Ba ta yi mini gori ba ko sau ɗaya, amma ta yi wata guda duk abincin da ta ajiye mini sai ta ce in shinshina tukuna, tunda ni ne masani.

Ai ke ma kin san abin da babbar kwatarmu take ɗauke da shi duk tsawon rani. Ruwan farko shi yake wanke gari ya zuba a teku, kifi kuma ya taru yana ci. Ke nas ce yanzu, kin fi ni sanin sunayen cututtukan. In an yi ruwan farko, ki ba teku 'yan kwanaki ya wanke kansa, kuma ki nisanci bakin kowace fadama da ta ratso cikin gari.

Akwai kuma ranar Talatar da na rufe shago don babu ciniki, na tafi Teshie. Na tarar da bakin ruwa fayau, jirage duk a kan yashi. Na ce yau na huta da cunkoso. Ina cikin jifa sai ga dattawa biyu sun nufo ni, fuska a murtuke. Ashe ranar Talata Ankarawa ba sa su, hutun teku ce a wurinsu tun kakanni. Na fara cewa ni Musulmi ne, wannan al'ada ba ta hau kaina ba. Allah Ya taimake ni Ataa Kwei ya iso kafin in ƙarasa ɓata lamarin. Ya ba su haƙuri da yarensu, ya ja ni gefe, ya tambaye ni ko shi ya taɓa shigowa Nima ran Juma'a ya ajiye motarsa a inda muke shimfiɗa tabarmin salla. Na ce a'a. Ya ce to shi ma bai karanta littafinmu ba. Kunya ta rufe ni, na naɗe zarena.

Ba a ce ki yi imani da abin da suka yi imani da shi ba. Amma bakin ruwan nasu ne, abincin 'ya'yansu a ciki yake, ke kuwa nishaɗi ya kai ki. Ki tambayi mutanen Axim wace rana ce tasu. Ki gaida matan da suke ƙyafe kifi kafin ki wuce su, ki koyi gaisuwar da yarensu ko da za su yi miki dariya. In ana jan taru, ki naɗe zarenki ki matsa, in da hali ma ki kama igiya ki taya su. Mutanen nan su ne za su gan ki in wani abu ya faru.

Yanzu na zo kan tabon da ke ƙafata ta hagu. Kin san teku ne ya yi mini shi, amma ba ki taɓa jin yadda aka yi daga bakina ba, don kina firamare a lokacin.

Wata Asabar ce a watan Afrilu. Teku ya kwanta, ko iska babu, zafi kamar a gasa mutum tun da hantsi. Na hau dogon dutsen nan da ke gabas da inda jirage suke, na sa jatan lande a ƙugiya, na jefa. Can ƙasa a kan yashi Ataa Kwei da mutanensa suna jan taru, suna waƙarsu. Ban daɗe ba wani abu ya ɗauki ƙugiyar, ya ja har sanda ta lanƙwashe. Tunda nake ban taɓa jin nauyi irin wannan ba. Na saki zare, na naɗe, ya sake ja. Sau ɗaya ya juyo kusa da saman ruwa na ga gefensa ja, faɗinsa kamar faifai. Daga nan ban ƙara ganin komai a duniya ba sai zaren nan.

Ban ga gabas ta yi baƙi ta wajen Tema ba. Na dai ji wata iska mai sanyi ta taɓa mini ƙeya, na ma ji daɗinta. Ban lura ruwa ya fara lasar inda nake tsaye ba. Sai muryar Ataa Kwei na ji ta keto iska.

"Abotsi, yanke zare! Sauko!"

Wuƙa tana aljihuna. Na ce a raina saura kaɗan. Na juya in ɗaga masa hannu ya ba ni minti ɗaya, wato na ba teku baya. Abin da na sani bayan nan shi ne ƙafafuna ba sa kan komai, bakina cike da gishiri, dutse yana yankar ƙafata. Da na ɗago kai sai na ga gaɓa tana nisa da ni. Na faɗa cikin hanyar nan mai duhu da aka nuna mini tun ranar farko, ga shi ko iyo ban iya ba.

Na yi ta dukan ruwa har hannuwana suka mutu. Na yi kalmar shahada. Fuskarki ce ta zo mini, da kayan makaranta, kina jira in kawo miki ƙaguwa a gwangwani kamar yadda na yi alkawari da safe. Sai na tuna ya taɓa ce mini in ruwa ya ɗauke ni kada in yi kokawa da shi, in kwanta rigingine in buɗe hannuwa. Na yi hakan, ina shan ruwa ina tofarwa, sama ta yi baƙi ƙirin a kaina.

Ataa Kwei ya sa mutanensa suka saki tarun da suka kwana biyu suna jiran irinsa, ya ɗaura bakin igiyar a ƙugunsa ya shigo. Ya kamo ni ta wuyan riga, ya ce in na riƙe shi zai mare ni. Mutanen da suke jan kifi su suka jawo mu, mu biyu, har kan yashi. Tarun ya buɗe, kifin da ke ciki ya watse. Babu wanda ya taɓa yi mini maganarsa a cikinsu. Dalilin da ya sa kike ganin duk Babbar Salla cinyar ragonmu tana tafiya Teshie kafin kowa ya ci, ke nan.

Aka ɗinke ƙafar, aka kawo ni gida a tasi. Na shirya jin cewa fatsa ta ƙare. 'Yan'uwa da suka zo dubiya duk abin da suke faɗa ke nan, wai me ya kai ɗan Zongo teku. Mamarki ta jira sai da kowa ya watse. Ta ajiye mini koko, ta zauna a bakin gado.

"Malam, ba zan ce ka bari ba," in ji ta. "Na ga yadda kake dawowa daga wurin nan, fuskarka a sake, kana wasa da yara. Amma ba za ka mayar da ni gwauruwa saboda kifi ba. Ka koyi iyo. Kuma daga yau ba ka zuwa kai kaɗai."

Haka na koyi iyo da gemuna, a wani lungu marar zurfi, Ataa Kwei yana tallafe da cikina, matan bakin ruwa suna dariya har da riƙe ciki. Da kika isa, kika nace sai kin bi ni, mamarki ce dai ta ce to ke ma sai kin koya. Kin tuna surutun da aka yi a layi, wai 'ya mace a teku. Ita ta ɗinka miki dogon wando da riga mai kauri, ta ce duk mai magana ya zo ya same ta. Babu wanda ya zo.

To ga abin da nake roƙonki, kuma wannan ba shawara ba ce, umarnin uba ne. Hadarin bazara daga gabas yake tasowa, kuma ba ya sallama. In zafi ya yi yawa, iska ta ɗauke, sannan kika ji sanyi a ƙeyarki, ki sauko a lokacin, ko mene ne a bakin ƙugiyar. Sanda a hannu a kan dutse ana walƙiya, kin san abin da hakan yake jawowa. Wuƙarki ta kasance inda hannu zai kai, kuma ki yanke zaren ba tare da kin tsaya shawara da zuciyarki ba. Kada ki ba teku baya, ko don amsa waya, ko don wani ya kira ki. In ya yi shiru na ɗan lokaci, manyan igiyoyin suna tafe a baya. Babban hijabinki ki bar shi a kan yashi, ki sa ƙarami, don na ga yadda yadi yake nauyi in ya sha ruwa. Sannan ki samu abokiyar tafiya. Ba sai ta iya fatsa ba, ta dai iya ihu, kuma ta san wanda za ta kira.

Na san aikinku. Za a yi ranar da za ki fito daga ɗakin marasa lafiya an rasa wani a hannunki, ki ji ba kya son ganin kowa, sai ruwa. Na san wannan jin, shi ya riƙe ni a bakin teku shekaru. Ki je, amma a irin ranar ki zauna a kan yashi. Mai baƙin ciki ba ya lura da gabas.

Na je na gaya wa Ataa Kwei an tura ki Axim. Idonsa ya yi rauni sosai yanzu, ba ya wuce ƙofar gida. Ya yi dariya ya ce duwatsun can sun fi namu kifi, sun kuma fi namu santsi. Ya ce in gaya miki ki nemi tsohuwar da ta fi kowa faɗa a cikin masu ƙyafe kifi, ki yi ƙawance da ita, don mai faɗa ita ce take lura da kowa.

Bari in rufe da abin da ya faru Asabar ɗin da ta wuce. Na yi sallar asuba, na ɗaura ƙugiyoyi, na ɗauko bokiti, har na sa takalmi. Sai a bakin ƙofa na tuna ba ni da abokin tafiya. Ke kin tafi, ƙannenki ƙwallo ce a gabansu, Ataa Kwei ba ya fita. Na zauna a kan benci, na jingina sandar da bango. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Ina cikin cire takalmin sai na ji an turo ƙofa. Mamarki ce, da mayafinta na fita, da lema a hannu, da kujerar roba.

Matar nan tunda na aure ta ba ta taɓa zuwa bakin teku ba. Ko a talabijin aka nuno shi sai ta ce a canza.

Na ce, "Hajiya, ina zuwa?"

Ta ce, "Tashi mu tafi kafin rana ta yi. Ni na kafa dokar, ba zan bari ta hana ka ba."

Muka hau motar haya ta trotro har Teshie. Ta dasa kujerarta can sama, kusa da jirage, inda ko feshin ruwa ba ya kaiwa. Ba ta dubi teku ba ko sau ɗaya. Gabas ta fuskanta, carbi a hannu, tana gadin sama. Wani ɗan gajimare fari da bai kai tafin hannu ba ya leƙo, ta miƙe tsaye tana kaɗa lema tana kirana, har masunta suka fito suna tambaya ko lafiya. Na sauko. Ban kama komai ba ranar, ko ɗan ƙaramin kifi. A hanyar dawowa ta sayi soyayyen kifi a Kasuwar Malam Atta, ta ce kada a ce mun dawo hannu rabbana. Ta kuma ce Asabar mai zuwa a zo mata da tabarma, kujerar tana sa mata ciwon baya.

Don haka kada ki damu da ni, ina da mai tsaro. Ke ma ki nemi taki.

Allah Ya kiyaye ki daga sharrin ruwa da iska da mugun mutum. Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda ba mu da kowa. Ya sa ki fita lafiya ki koma ɗakinki lafiya, Ya dawo mana da ke muna raye. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci.

Wassalamu alaikum.

Babanki,
Iliyasu
Nima